Filin St Andrews da tambayar da ke jiran ma'aikacin gwamnati: wa ya biya?

A shekarar 2027 gasar Open, wadda ta fi kowace daɗewa cikin manyan gasannin golf huɗu na duniya, za ta koma Tsohon Filin St Andrews da ke gabar tekun gabashin Sikotland. Duk wanda ya san yadda wasan golf, wanda wasu ke kira ƙwallon lambu, ya samu gindin zama a tsakanin manyan ma'aikata da 'yan siyasa da 'yan kasuwar Abuja, zai iya hasashen abin da zai biyo baya. Hira a filin IBB da ke Maitama za ta karkata ga St Andrews, masu hali za su shiga lissafin biza da masauki, wasu hadimai kuma za su samu umarni daga iyayen gidansu cewa a nemo musu hanyar buga ƙwallo a inda zakarun duniya ke bugawa. Cikin masu wannan buri akwai waɗanda za su cika shi da guminsu. Akwai kuma waɗanda wani ɗan kwangila zai tare su da murmushi, ya ce ranka ya daɗe kada ka damu, an riga an shirya komai.

Burin ba shi da aibi, filin kuma ya cancanci tafiyar. Sai dai abin da ya ba shi daraja shi ne ƙa'idar da ake shigarsa da ita da kuma gaskiyar da yake tilasta wa mai wasa. Ma'aikacin gwamnatin da ya shiga wurin ta aljihun wani ya yi asarar ainihin abin da ya je nema, sannan ya dawo gida da bashin da ba a rubuta a takarda ba, wanda mai shi zai zo karɓa a ofis.

Filin mutanen gari

Abu na farko da ke ba baƙo mamaki shi ne, filin da ya fi kowane filin golf suna a duniya ba mallakar wani attajiri ko wani kulob ba ne. Babu maigadi a bakinsa da ke tambayar katin zama mamba. Wani titin jama'a ma ya ratsa ta tsakiyar hanyar ramin farko da na ƙarshe, mutane na bin sa zuwa bakin teku, 'yan wasa na jira su wuce.

Wannan tsari tsoho ne. A 1457 majalisar Sarki James na Biyu ta haramta golf da ƙwallon ƙafa a Sikotland saboda suna shagaltar da samari daga koyon harbin baka, alamar cewa tun a lokacin wasan ya shiga jinin mutanen ƙasar. A 1552 babban limamin cocin garin, John Hamilton, ya sa hannu a kan takardar da ta tabbatar wa mazauna St Andrews haƙƙinsu na yin golf da sauran wasanni a wannan shimfiɗa ta yashi da ciyawa. A 1764 aka rage ramukan filin daga 22 zuwa 18, adadin da daga baya duniya ta ɗauka a matsayin cikakken zagaye.

Haƙƙin ya taɓa suɓucewa. A 1797 bashi ya yi wa majalisar garin katutu, ta sayar da filin, ya faɗa hannun masu kiwon zomaye. An shafe kusan shekara 20 ana shari'a da sa-in-sa tsakanin masu zomo da masu sanda, har a 1821 wani mai gonaki a yankin, James Cheape, ya saye wurin ya bar shi ga wasa. Dokar majalisa ta 1894 ta mayar da filin hannun gari, wata dokar ta 1974 kuma ta kafa hukumar amintattu mai suna St Andrews Links Trust, wadda ke gudanar da shi tare da sauran filayen garin a madadin jama'a.

Katafaren ginin dutsen da ke bayan wurin bugun farko na kulob ɗin Royal and Ancient ne, wanda aka kafa a 1754, Sarki William na Huɗu ya ba shi wannan suna a 1834. Daga wannan kulob hukumar da ke tsara dokokin golf a mafi yawan ƙasashen duniya ta samo asali, kuma baƙo ba ya shiga ginin sai da gayyata. Duk da haka filin da tagoginsa ke kallo ba nasa ba ne. Ranar Lahadi kuwa, in ba ana babbar gasa ba, ba a yin wasa ko kaɗan. Filin kan koma wurin shan iska, iyalai su shimfiɗa mayafi su ci abinci, masu karnuka su zaga a kan ciyawar da Tiger Woods ya ɗaga kofi a 2000 da 2005.

Ƙofar kowa

Hanyar da baƙi da yawa ke bi ita ce ƙuri'a. Mutum biyu zuwa huɗu ke shigar da sunayensu kwana biyu kafin ranar da suke so, a fitar da sakamako da yamma. Wanda rabonsa ya rantse ya samu lokacin fara bugu, wanda bai dace ba ya sake gwadawa washegari. Kusan rabin lokutan wasa ta nan ake raba su. Wanda ya zo shi kaɗai, a da sai ya kwana a layi cikin sanyi yana jiran gurbi, amma daga 2024 an mayar da wannan ma ƙuri'a: mutum ya je da ƙafarsa ya shigar da suna, na'ura ta zaɓa. Abin da ake tambaya shi ne suna da kulob ɗin da mutum ke wasa a gida da kuma handikaf ɗinsa. Takardar ba ta da gurbin muƙami ko matakin albashi.

Handikaf lamba ce da ke nuna yawan bugun da ɗan wasa ke ƙarawa a kan ma'aunin fili. Ma'aunin Tsohon Filin bugu 72 ne, kuma sharaɗin shigarsa shi ne kada handikaf ɗin mutum ya wuce 36, wato kamar ƙarin bugu biyu a kowane rami. A tsarin bai-ɗaya da duniya ta fara amfani da shi a 2020, ana fitar da lambar ne daga wasanni takwas mafi kyau cikin 20 na ƙarshe da mutum ya yi. Saboda haka tun kafin baƙo ya bar Abuja ko Kaduna ko Jos an fara gwada gaskiyarsa, domin lambar ba ta da wata madogara sai ƙidayar da shi da kansa ya riƙa miƙa wa kulob ɗinsa. Wanda ya saba ana yafe masa bugu ɗaya ko biyu saboda girman kujerarsa zai isa Sikotland da lambar da ba tasa ba.

Kuɗin shiga a lokacin bazararsu ya haura fam 300 a 'yan shekarun nan. In aka yi lissafi a kan Naira 2,000 kowane fam, ya kai Naira 600,000, wato fiye da albashin wata takwas ga mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000 da aka amince da shi a 2024. Wannan kuɗin sa'o'i huɗu ne kawai a fili. Ba a sa jirgi da biza da otel ba, ba a kuma sa ladan kadi ba, wato mai ɗaukar jakar sanduna yana nuna hanya. Da ƙafa ake zagaya filin, ba a ba da ƙaramar mota sai ga mai lalurar da likita ya tabbatar.

Abin da filin ke yi wa baƙo

A ido, ramin farko ya fi kowane sauƙi. Hanyarsa haɗe take da ta rami na 18, faɗinsu ya wuce yadi 100. Amma 'yan kallo na jingine da shinge, tagogin kulob na bayan mutum, iskar teku na kaɗawa, ga kuma wani siririn rafi mai suna Swilcan kwance a gaban farfajiyar ramin yana jiran ƙwallon da ta gaza. A gasar 1995 Ian Baker-Finch, wanda ya ci kofin Open a 1991, ya tsaya a wannan wuri ya buga ƙwallon da ta ƙetare dukan faɗin nan ta fice daga fili.

Daga nan sai tarkunan yashi 112, da yawansu ba a ganin su daga inda ake bugu. Farfajiyoyi bakwai na filin ramuka biyu ne ke tarayya a kowace, na 2 da na 16, na 3 da na 15, haka har zuwa na 8 da na 10, don haka baƙo na iya auna tutar da ba tasa ba. Hausawa sun ce baƙo ko da ido makaho ne, shi ya sa mai hankali ke ɗaukar kadi ya kuma bi maganarsa, ko da ya ce a buga hagu alhali ido na ganin dama.

Manyan zakaru ma sun sha kashi a nan. A rami na 14 akwai tarkon da aka laƙaba wa suna Jahannama, inda Jack Nicklaus, wanda ya ci Open a wannan fili a 1970 da 1978, ya faɗa a 1995, ya gama ramin da bugu 10 maimakon biyar. A rami na 17, inda ake bugu ta saman wani ɓangare na harabar otel, titi da katanga kuma na bayan farfajiya, Tommy Nakajima na Japan yana cikin masu neman kofi a 1978 ya gangara da ƙwallonsa cikin ƙaramin tarkon da ke gaba, ya tashi da bugu tara. Abin da ya sa ake jinjina wa nasarar Woods ta 2000 shi ne ya yi kwana huɗu, ramuka 72, bai faɗa tarko ko ɗaya ba, ya kuma ba na biyu ratar bugu takwas.

Labarin da ya fi dacewa da baƙo mai wasan sha'awa shi ne na Bobby Jones, Ba'amurken da ya ci dukan manyan kofunansa yana ɗan sha'awa, ba a biyan sa. Ya zo St Andrews a 1921 yana ɗan shekara 19, ana yabon sa a gida. A zagaye na uku wasa ya rikice masa, a rami na 11 ya ɗauke ƙwallonsa ya janye daga gasar cikin fushi. Ya dawo a 1927 ya ci Open a filin, ya sake dawowa a 1930 ya ci gasar 'yan sha'awa ta Birtaniya, wadda ta zama ta farko cikin manyan kofuna huɗun da ya haɗa a shekara guda. A 1958 garin ya ba shi 'yancin zama ɗan gari, karramawar da Ba'amurke ɗaya ne kawai ya riga shi samu, Benjamin Franklin a 1759.

Ga wanda ya kai matsayin darakta ko babban sakatare, wannan ita ce ribar tafiyar. A ofis ya daɗe bai ji wani ya ce masa ya yi kuskure ba. A filin kuwa iska da yashi ba su san shi ba, kuma bayan sa'o'i huɗu zai fito da lamba guda, 95 ko 108, wadda ita ce gwargwadon iyawarsa a wannan rana. Irin wannan gaskiya tana wuyar samu ga mai mulki, kuma tana da daɗin da fadanci ba ya bayarwa.

Ƙidaya da sa hannu

A golf babu alƙalin wasa da ke bin kowane mutum. Ɗan wasa ke ƙirga bugunsa, abokin wasansa ya rubuta a kati, shi kuma ya duba ya sa hannu. A gasar Masters ta 1968 abokin wasan Roberto De Vicenzo na Ajantina ya rubuta masa 4 a rami na 17, alhali jama'a sun ga ya yi 3. De Vicenzo ya sa hannu bai duba ba. Doka ta ce lambar da ta fi yawa in an sa mata hannu ta zauna, don haka ya rasa damar karawa ta raba gardama da Bob Goalby, kofi ya tafi. Duk ma'aikacin da ya taɓa sa hannu a takardar biyan kuɗi ya san ma'anar wannan.

Shi kuwa Jones, a gasar Open ta Amurka ta 1925, ya ga ƙwallonsa ta ɗan motsa a cikin ciyawa lokacin da yake shirin bugu. Jami'ai ba su gani ba, amma ya dage a ƙara masa bugu ɗaya na horo. Gasar ta ƙare kunnen doki tsakaninsa da Willie Macfarlane, ya kuma sha kaye a karawar raba gardama. Wasan da aka gina a kan irin wannan amana bai dace da mutumin da ya fara zagayensa da ƙarya a takardar neman izinin tafiya ba.

Ɗaya ƙofar

Ba kowane filin gasa ne ke da ƙofar kowa ba. Jones ɗin nan shi ne ya haɗu da Clifford Roberts suka kafa Augusta National a jihar Jojiya, inda ake gasar Masters tun 1934, kuma an ɗauki darasi mai yawa daga Tsohon Filin wajen tsara shi. Amma babu ƙuri'a a Augusta ga baƙon da ya zo daga waje, babu kuma farashin da zai biya ya shiga. Sai mamba ya gayyace shi. Kulob ɗin bai karɓi baƙar fata a matsayin mamba ba sai 1990, bai karɓi mata ba sai 2012, lokacin da ya ɗauki Condoleezza Rice da Darla Moore. Inda shiga ta dogara ga alfarmar wani, duk wanda ya shiga ya san wanda zai gode wa.

Ana iya mayar da St Andrews ma irin wannan ƙofa, kuma an taɓa yi. A watan Agustan 2002 wani shahararren ɗan kamun ƙafa na Washington, Jack Abramoff, ya ɗauki hayar jirgi ya kwashi baƙinsa zuwa Sikotland domin golf. Cikinsu akwai ɗan majalisar wakilai Bob Ney na jihar Ohio, da shugaban ma'aikatan ofishinsa Will Heaton, da David Safavian, wanda a lokacin shi ne shugaban ma'aikata a hukumar da ke kula da gine-gine da kadarorin gwamnatin tarayyar Amurka. A takardar da Ney ya miƙa wa majalisa, ya nuna cewa ya je ne ya yi wa 'yan majalisar Sikotland jawabi, alhali majalisar tasu na hutu. Safavian kuwa ya shaida wa jami'in ɗa'a na hukumarsa cewa Abramoff ba shi da wata harka da su, alhali mutumin na neman wasu kadarori da ke hannun hukumar, ciki har da tsohon ginin gidan waya na Washington. Ya rubuta cakin dala 3,100 a matsayin kasonsa na tafiyar, masu gabatar da ƙara suka nuna cewa kason gaskiya ya ninka haka sau da yawa.

Ney ya amsa laifi a 2006, aka yanke masa ɗaurin wata 30. Safavian, wanda kafin a kama shi a 2005 ya kai matsayin babban jami'in tsara manufofin sayayyar gwamnati a Fadar White House, an same shi da laifin yin ƙarya da kawo cikas ga bincike. Kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, aka sake shari'a a 2008, aka sake kama shi da laifi, ya tafi gidan yari na shekara guda. Afuwar shugaban ƙasa ba ta zo masa ba sai 2020. Heaton, matashin hadimi da ya bi ubangidansa, shi ma ya amsa laifi a 2007, kuma haɗin kan da ya ba masu bincike ne ya cece shi daga ɗauri. Babu ɗayansu da aka tuhuma da buga golf. Abin da kotu ta bi diddiginsa shi ne wanda ya biya, abin da yake nema, da abin da aka rubuta a takarda.

Abin da dokarmu ta tanada

Tsarin Mulkin 1999 bai bar wannan a duhu ba. Sakin layi na 6 na Kashi na Ɗaya a Jadawali na Biyar ya hana jami'in gwamnati nema ko karɓar dukiya ko wata moriya saboda abin da ya yi ko ya ƙi yi a bakin aikinsa. Ya ƙara da cewa duk kyauta ko moriyar da ta fito daga kamfani ko mutumin da ke da kwangila da gwamnati, za a ɗauka an karɓe ta ne ta hanyar saɓa doka, sai in jami'in ya tabbatar da akasin haka. Nauyin wanke kai yana wuyan ma'aikaci. Tikitin jirgi da ɗakin otel da lokacin wasa duk moriya ce, ko da sisi bai shiga asusun mutum ba. Kotun Ɗa'ar Ma'aikata na da ikon raba mutum da kujerarsa, ta hana shi riƙe muƙami har shekara 10, ta kuma ƙwace abin da ya samu.

Tun kafin a rubuta tsarin mulki muna da ma'aunin da ya fi wannan sauƙin ganewa. Bukhari da Muslim sun ruwaito labarin wanda aka aika karɓar zakka, ya dawo ya ware wani kaso ya ce shi aka yi wa kyautarsa, Manzon Allah (SAW) ya nuna cewa da ya zauna a gidan iyayensa da ya ga ko kyautar za ta iske shi. Ma'aikaci na iya yi wa kansa wannan tambaya a kan kowace gayyata: shekara biyu bayan ritaya, wannan mutumin zai tuna da ni ya kai ni Sikotland?

Uzurorin da ake kawowa

Za a ce a filin golf ake ƙulla alaƙa da masu zuba jari, ƙasa ce ke amfana. In haka ne, a rubuta tafiyar da sunanta, a nemi izini, gwamnati ta biya, mai binciken kuɗi ya gani. In kuwa hutu ne, a ɗauki hutun shekara a biya daga aljihu. Haɗarin yana tsakanin biyun, a taron kwana biyu a Landan da ke miƙewa ya zama mako guda, kwanakin ƙarshe a St Andrews, estakod na ci gaba da gudana. Yawan tafiye-tafiye ne ya sa Gwamnatin Tarayya ta dakatar da fita waje da kuɗin gwamnati na wata uku daga Afrilun 2024, kuma irin wannan dakatarwa kan faɗa har a kan ma'aikacin da ke da aikin gaske a waje.

Za a ce daidaiton St Andrews ɗin ma na baka ne, tunda talaka ba zai iya biyan fam 300 ba, mambobin kulob na da lokutan da aka keɓe musu, kamfanonin yawon buɗe ido kuma na sayar da tabbataccen lokacin wasa haɗe da otel a kan dubban fam. Duk wannan gaskiya ne. Amma a lura da wace ƙofa mai neman alfarma ke saye. Ba zai ba ka kyautar ƙuri'a ba, domin ƙuri'a ba ta da tabbas. Tabbacin yake saya maka, ya ɗauke maka jira da fargabar rashin dacewa. Kyautar tasa ita ce tsallake layi, kuma abin da zai nema a wurinka ke nan ranar da fayil ɗinsa ya iso teburinka. Kowa ya ci ladan kuturu dole ya yi masa aski.

Za a ce tsohon aboki ne, tun makarantar sakandare ake tare. Tsarin mulki ya yarda da kyautar 'yan uwa da abokai, amma gwargwadon abin da al'ada ta sani da kuma lokutan da ta sani. Al'adarmu ta san goro da turare, ta san gudummawar biki da ragon suna. Ba ta san hayar jirgi zuwa Turai ba. In abokin na da kwangila da ma'aikatarka, abota ba ta goge wancan sakin layi.

Za a ce ai zan biya kasona. Safavian ma ya biya. Kason da mai gayyata ya yanka maka da bakinsa rangwame ne, rangwamen kuma shi ne kyautar.

Aikin hadimi

Akasari ba maigida ke shirya irin wannan tafiya ba. Mataimaki na musamman ko jami'in tsare-tsare ne ke karɓar kira, ya tura fasfo, ya rubuta takardar neman izini, kuma sunansa ne ke kan saƙonnin da mai bincike zai fara karantawa. Golf na da misali a kan haka. Doka ta taƙaita sandunan da ke cikin jaka zuwa 14, kuma kuskuren kadi a kan ɗan wasa yake faɗawa. A ranar ƙarshe ta gasar Open ta 2001, Ian Woosnam na kan gaba tare da wasu, ya fara da kyakkyawan bugu, sai a wurin bugun rami na biyu kadinsa ya sanar da shi cewa sanduna 15 ne a jaka. Aka ƙara masa bugu biyu, David Duval ya ɗauki kofin. Kadin ya faɗi gaskiya, amma ya makara. Da ya ƙirga kafin a fara, da babu abin da ya faru.

Ƙirgar hadimi ita ce tambayoyin da zai yi kafin a sayi tikiti: wa ke biyan jirgi, wa ke biyan masauki, me mai gayyatar ke nema a ma'aikatar, kuma abin da za a rubuta a takardar izini ya yi daidai da abin da za a je yi? Faɗa wa maigida cewa ranka ya daɗe wannan gayyatar tana da ƙura ba abu ne mai sauƙi ba. Ya dai fi sauƙi a kan bayani a gaban masu bincike, lokacin da maigidan ke cewa shi bai san yadda aka shirya tafiyar ba.

Hanyar da ba ta da ƙura a buɗe take ga duk ma'aikacin da ke son wasan da gaske. Ya tara kuɗinsa ko da zai ɗauki shekara biyu, ya riƙe handikaf na gaskiya, ya ɗauki hutunsa, ya tanadi kwanaki da dama a garin, ya shiga ƙuri'a tare da Bajamushe da Bajapane da malamin makaranta daga Kanada. In bai dace ba, ga filin New na 1895 da Jubilee na 1897 da Eden na 1914 a gefe, a kan yashi ɗaya da iska ɗaya, da kuɗin da bai kai haka ba. Ranar Lahadi kuma ya taka Tsohon Filin kyauta, ya leƙa cikin Jahannama daga bakinta, ya hau 'yar gadar dutsen Swilcan a ɗauke shi hoto kamar kowa.

Wannan hoto kan ƙare a bangon ofis, inda baƙi da ƙananan ma'aikata za su riƙa kallon sa shekara da shekaru. Wasu za su tambayi bugu nawa aka yi, wasu za su yi shiru suna lissafin albashin mai hoton. Ya kamata mai shi ya iya amsa tambayoyin biyu ba tare da ya sunkuyar da kai ba, katin ƙidayarsa da rasidinsa na ajiye a aljihun tebur.